Allurar da babu magani a cikinta: me take yi wa garkuwar mai lafiya?

A makon jiya na tsaya a wani kemis a Unguwar Rogo, nan Jos, zan sayi maganin mura. Sai ga wani dattijo ya shigo, lafiyarsa ƙalau in ban da gajiyar kasuwa. Ya ce wa mai kemis, “Yaro, a yi mini ta ƙarin ƙarfi, ni ƙwaya ba ta kama jikina.” Aka zuƙo ruwan bitamin aka yi masa. Tun bai gama gyara riga ba ya ce jikinsa ya saki.

Ban ƙaryata shi ba, domin abin da ya ji gaskiya ne. Likitoci sun daɗe da sanin cewa idan aka yi wa mutum allurar ruwan gishiri zalla, wadda suke kira filasibo, alhali yana zaton magani ne, zafin ciwo kan ragu. A 1978 masu bincike a Amurka sun nuna haka a kan mutanen da aka cire wa haƙori: jiki ne da kansa ke fitar da sinadaran kashe zafi, kuma da aka ba su maganin da ke toshe waɗannan sinadarai, sai sauƙin ya gushe.

Inda nake ja shi ne batun garkuwar jiki, wanda shi ne ake tallata mana allurar da shi. Eh, ƙwaƙwalwa na iya taɓa garkuwa. A 1975 Robert Ader da Nicholas Cohen na jami'ar Rochester sun ba ɓeraye ruwa mai zaƙi haɗe da maganin da ke raunana garkuwa. Daga baya aka ba su ruwan kaɗai, garkuwar ta sake yin ƙasa. A 2002 aka maimaita irin wannan a Essen ta Jamus a kan mutane masu lafiya. Aka ba su maganin da ake ba wanda aka dasa wa ƙoda, tare da wata madara koriya mai baƙon ɗanɗano. Bayan kwanaki suka sha madarar da ƙwayar da babu komai a cikinta, sai wasu sinadaran garkuwa suka ragu a jininsu.

A duba da kyau. Sai da aka fara ba jikin magani na gaske ya saba, kafin ya amsa ga na wofi. Kuma ƙasa garkuwar ta yi, ba sama ba. A gwajin rigakafi kuwa, waɗanda aka yi wa ruwan gishiri jininsu ba ya samar da makaman yaƙi da cutar, komai ƙarfin zatonsu.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai na masu asma ne, a 2011. Waɗanda suka shaƙi maganin gaske da waɗanda suka shaƙi na wofi kusan daidai suka ce sun ji sauƙi. Da aka auna numfashi da na'ura, numfashin na farko ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, na biyu da kashi 7 kacal. Nan haɗarin yake: mai zazzaɓin cizon sauro ko taifot zai ji daɗin allurar bitamin ya koma gida, cutar na ci gaba da cinsa a ɓoye.

Ita kanta allurar ba wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allura kusan biliyan 16 a shekara, da yawansu ba a buƙatarsu, kuma a 2010 kaɗai sirinji marar tsafta ya sa wa mutane har miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B. Mai lafiya da ya miƙa ɗuwawunsa don ƙarin ƙarfi ya ɗauki wannan kasada ne a banza.

Zato yana da wata fuskar kuma. A 2022 aka tattara gwaje-gwaje 12 na rigakafin korona, aka gano kusan kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri sun koka da matsaloli irin su ciwon kai ko kasala bayan allurar farko. Mu da jita-jita ta sha hana yaranmu rigakafi, wannan adadi ya kamata ya kai kunnen kowace uwa. Ina so in ga ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwa, a Gangare ko Dilimi, ta ɗauki minti ɗaya ta ce, “Maman yara, hannun zai ɗan yi tsami, jiki zai iya yin ɗumi kwana ɗaya ko biyu, in ya wuce haka ki dawo.” Shi kuma mai kemis, idan irin dattijon nan ya shigo, ya fara auna masa hawan jini, ya tambaye shi yadda yake barci da abin da ya ci, in ya ga alamar zazzaɓi ya tura shi gwajin jini.