Fomat ba magani ba ne, ku buɗe Task Manager tukuna

Har yanzu raina bai huce ba, shi ya sa na dawo kan maganar laftof ɗin ƙanwata da wani mai gyara ya yi wa fomat a banza, wato ya goge komai ya sake saka Windows.  Magana ɗaya ce: duk mai gyaran da aka kai wa kwamfuta tana zafi, fanka na kuka, ya tashi ya yi mata fomat ba tare da ya buɗe Task Manager, wato akwatin da ke nuna manhajar da ke cin ƙarfin kwamfuta, ya kalla ko na minti ɗaya ba, wannan mai wanki ne. Wanki kaɗai ya iya. Ya wanke mai datti, ya wanke mai tsabta, ya miƙo hannu a biya shi.

Ƙanwata ce fa, ajin ƙarshe, tana tsakiyar rubuta kundin kammala digiri. Laftof ɗin ta fara nauyi, fanka na ƙara kamar injin markaɗe, ta kai wa wani bawan Allah da ya rubuta "Injiniya" a jikin shagonsa da jan fenti. Ko kunnawa bai gama yi ba ya ce, "Hajiya, bairos ne, ya cinye ta." Ya kwashe fayilolinta a filash, ya goge komai, ya saka sabon Windows, ya mayar da fayilolin inda suke, ya karɓi naira dubu 15. Ta dawo gida, ta kunna, fanka ta ƙara ƙaimi fiye da da. Ta koma. Sai malamin ya gyara zama ya ce to lallai furosesa ce ta kusa mutuwa, amma Allah ya taimake ta akwai wata kwamfutar a hannunsa, zai yi mata sauƙi. Masha Allah. Likitan da ya yanke ƙafar da ba ta ciwo, yanzu kuma yana tallar sandar dogarawa.

Da daddare ta kira ni tana shirin kuka, "Yaya, wai sai na sayi wata." Na ce kawo. Na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, na taɓa kan layin CPU, wato furosesa, don ya jera manhajojin daga mai cin ƙarfi zuwa ƙasa. Ga shi nan a sama, ya yi ɗaiɗai: Microsoft Windows Search Indexer. Daƙiƙa nawa wannan ya ɗauka? Ba su kai goma ba. Daƙiƙa goma ne tsakanin yarinyar nan da dubu 15 ɗinta.

Wannan abin ba bairos ba ne, ba aljani ba ne. Ɗan aikin Windows ne, tun zamanin Vista a 2007 yake zuwa a cikinta, kafin nan ma akwai kakansa a XP da ake kira Indexing Service. Aikinsa haɗa fihirisa, irin wadda ake sakawa a ƙarshen manyan littattafai don kada mutum ya buɗe shafi ɗari biyar yana neman kalma ɗaya. Yana bin fayilolinka ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta sunansu da kwanan watansu, wasu ma ya shiga cikinsu ya karanta rubutun, ya adana a wani kundi mai suna Windows.edb, wanda a sabbin Windows 11 ya koma Windows.db. Shi ya sa idan ka rubuta kalma a wurin bincike amsa take fitowa nan take. Ba shi kaɗai yake aikin ba, yana da yara biyu, SearchProtocolHost da SearchFilterHost, su ma wani lokaci za ka gan su suna haki a Task Manager.

To ku tsaya ku ji abin dariyar. Idan ka yi fomat, ka goge wannan kundin. Idan ka mayar da fayilolin cikin Documents da Desktop, ɗan aikin nan zai fara lissafi daga sifili. Wato maganin da Injiniya ya bayar shi ne ainihin abin da ke tayar da ciwon. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ga kuma Windows Update da ke tashi tsaye bayan kowace sabuwar sakawa, su haɗu su biyu a kan tsohuwar na'ura, dole fanka ta yi kururuwa. Amma wai furosesa ce ta kusa mutuwa.

Na buɗe Indexing Options, a Control Panel yake, ko ka rubuta sunan a wurin bincike. A saman akwatin yana nuna adadin abubuwan da ya lissafa. Nata ya haura 180,000 kuma yana ci gaba da hawa. Kamfanin Microsoft da kansa ya ce a kwamfutar mutum na yau da kullum adadin bai cika kai 30,000 ba, na masu aiki da yawa yakan kai 300,000, kuma idan aka wuce 400,000 a fara tsammanin matsala. Wannan ma a kan lafiyayyar na'ura ke nan. Tata kuwa ta hannu ce, mai tsohon faifan ajiya irin mai juyawa, da RAM 4GB.

Ina ɗaliba ta samo fayil 180,000? Tambayar da na yi mata ke nan. Ashe duk lokacin da wayarta ta cika, sai ta jona ta kwashe komai ta zuba a Desktop. Komai fa. Foldar WhatsApp da hotunan bikin da ba ta je ba, saƙonnin murya na shekara uku, sitika, har da ƙananan hotunan da waya ke ɓoyewa. Sau huɗu ta yi haka, kowanne da sunansa: "waya", "waya sabo", "waya sabo 2", "kar a goge". Sannan wata ƙawarta ta ba ta tarin littattafan PDF na sashensu gaba ɗaya, ta juye a Documents. Kowane PDF sai ɗan aikin nan ya buɗe ya karanta. Littattafan da ita ba ta taɓa buɗewa ba, kwamfutarta ta sauke su kaf.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu da muke zaune da wutar da ba ta sallama idan za ta tafi. An tsara abin nan ne ya rage gudu idan kana aiki, ya ƙara himma idan ka tashi ka bar kwamfutar. Har rubutawa yake a akwatin cewa ya sassauta saboda mai na'ura na aiki. To batirinta ya daɗe da mutuwa. Wuta ta zo, ta kunna, ta yi rubutu, wuta ta tafi, na'ura ta mutu ɗif. Bai taɓa samun sa'a biyu a jere ya gama aikinsa ba. Kuma mutuwar farat ɗaya irin wannan kan iya lalata kundin, idan ya lalace kuwa sai Windows ta sake gina shi daga farko. Kullum a tsakiyar aiki yake, kullum yana farawa. Da an tambaye ta tambaya biyu da an gane. Ba a tambaya ba, an yi fomat.

Abin da na yi bai kai a kira shi gyara ba, kunya ma nake ji. Na danna Modify, na cire alamar da ke kan foldodin wayar nan guda huɗu. Na shiga Advanced, ɓangaren File Types, na nemo pdf na mayar da shi Index Properties Only, wato ya riƙe suna da bayanan waje, ya daina karanta ciki. Na leƙa Settings wajen Searching Windows na tabbatar tana kan Classic, domin tun 2019 Windows 10 ta zo da zaɓin Enhanced wanda ke bin kwamfutar gaba ɗaya lungu da saƙo, kuma mutane na kunna shi don sunan ya yi musu daɗi. Sannan na danna Rebuild, wato a sake gina kundin daga farko, sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. Akwai masu danna shi kullum kamar carbi, suna mamakin me ya sa abin bai ƙarewa. Na jona laftof ɗin a sola ta gidana, na hana ta shiga Sleep, na je na kwanta. Da asuba na duba, an rubuta Indexing complete, furosesa ta sauko ƙasa, fanka ta yi tsit har na kai kunne don in tabbatar tana raye.

Na san masu sharhi, na san abin da za ku ce. "Ai wani lokacin da gaske bairos ne yake aron sunan." Na ji. Danna dama a kansa, zaɓi Open file location. Idan ya kai ka C:\Windows\System32, na gida ne. Idan ya kai ka wata folda can daban, sai mu yi maganar bairos. Wannan ma dubawa ce, kuma a Task Manager ake yin ta. Kun ga kun dawo kan maganata.

"Ka kashe Windows Search ɗin gaba ɗaya mana ka huta." Wannan shawarar 'yan YouTube ce. Eh, za ka iya shiga services.msc ka kashe shi, fanka za ta yi shiru. Gobe kuma ka zo neman wasiƙa a Outlook ka ga binciken ya zama gurgu, ka nemi fayil a folda ka tafi ka sha shayi ka dawo bai gama ba. Kai da ba ka bincike sam, kashe abinka, ba ruwana. Mai neman fayil da suna kawai ma akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna Everything da ke yin wannan cikin ƙiftawar ido. Amma a ce wa ɗalibar da ke neman jimla ɗaya a cikin babi biyar ta kashe bincike, wannan yanke kai ne don maganin ciwon kai. Idan ya maƙale ne kawai, a services.msc ɗin nan akwai Restart, a fara da shi.

"Ku koma Mac, ku koma Linux." Sannunku da ƙoƙari. Mac na da Spotlight tun 2005, kuma duk mai Mac ya san yaransa mds_stores da mdworker idan suka tashi bayan sabuntawa, cinya har ƙuna take. Masu Linux na KDE su tambayi Baloo, nasu mai haɗa fihirisar. Kowane gida da nasa ɗan aikin. Kuma yarinyar da ke kukan dubu 15 kuke ce wa ta sayi Mac.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne, "Haba Malam, shi ma abinci yake nema." Wa ya hana shi ci? Ya duba, ya gano, ya gyara a minti goma, ya ce a ba shi dubu biyar na ilimi. Wallahi da hannu biyu zan biya, kuma zan turo masa mutane. Ilimin ake saya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mayar da fomat Panadol, ciwon kai fomat, ciwon ciki fomat, sauti ya ɗauke fomat. Kuma ina da abokai masu gyara na ƙwarai, waɗanda za su zauna da kai su tambaye ka yaushe abin ya fara, me ka saka, me ka kwafa. Su ne irin wannan aikin ke zubar wa mutunci, domin gobe idan suka ce wa mutum faifansa ya lalace da gaske, ba zai yarda ba.

Bari in faɗi gaskiya, ba kuɗin ne ya tsaya min a rai ba. A wajen kwashe fayilolin, bai kwashi foldar Downloads ba. A nan gyararren babi na uku yake, wanda malaminta ya yi wa gyara ya turo mata. Allah ya sa yana nan a imel, muka sauko da shi, amma aikin kwana huɗu da ta yi a kansa ya tafi. Na ga fuskarta lokacin da ta gane. Yarinyar nan da fitilar waya take karatu idan wuta ta ɗauke, mahaifiyarmu ce ta sayar da tunkiya aka haɗa kuɗin laftof ɗin. Ba ta yi ihu ba, ta ce, "Ba komai Yaya, zan sake." Wannan "ba komai" ɗin ce ta hana ni barci, kuma ita ce ta sa nake wannan dogon surutun. Wanda aka miƙa wa kwamfuta, amanar shekarun mutum aka miƙa masa, ya kamata hannunsa ya yi nauyi kafin ya danna abin da ba ya dawowa.

Ba na cewa tsohuwar na'ura za ta zama sabuwa. Tata tana buƙatar SSD, wato faifan ajiya mai sauri marar juyawa, da batir, na faɗa mata, kuma idan hali ya yi za mu saka. Wannan shawara ce da ake bayarwa bayan an duba. Bayan an duba, jama'a. Ctrl, Shift, Esc. Ku koya wa iyayenku, ku koya wa ƙannenku, ku rubuta a takarda ku manna a jikin laftof ɗin idan ta kama.

Af, tunda ana maganar zafi: ku masu ɗora laftof a kan katifa da bargo, kuna toshe mata hanci sannan ku ce tana haki, ku ma akwai ranarku. Da na buɗe bayan tata, ƙurar hunturun bara na nan a fanka ta yi kauri kamar auduga, har da gashin kyanwa, alhali ba mu da kyanwa a gidan. Kuma wanda ya ari ƙaramin sukundirebana mai jan hannu tun kafin azumi, na san kana karanta wannan, jiya da wuƙar kicin na kwance ƙusoshin.