Jego ba fashin aji ba ne

Har yanzu akwai makarantun koyon likitanci da ke lissafa jego a matsayin fashi, sai ka ce ɗalibar yawo ta tafi. Ta rasa mako 6 na zagayen sashen tiyata, wato koyon aiki a asibiti, a ce kwanakin halartarta ba su cika ba, a hana ta jarrabawa, ta zauna jiran 'yan ajin baya. Mako 6 ya cinye shekara.

Masu kare tsarin kan ce rai ne a hannun likita, ba a sassauci. To wa ya nemi a rage mata darasi? Zagayen asibiti kashi-kashi yake, rukuni na fita wani na shiga. Kashin da ya wuce ta sai ta biya shi da rukuni na gaba ko a lokacin hutu. Gyaran jadawali ne kawai.

Abin haushin, malamin da ya koyar da safe cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata 6, shi ne zai tsayar da mai shayarwa a ɗakin tiyata har yamma. Alhali tana buƙatar tatsa duk bayan awa 3 zuwa 4, kimanin minti 20. In ta jinkirta nonon ya cika ya yi tauri, wani lokaci har da ciwo da zazzaɓi, daga baya ruwan ya ragu. Wanda aka tatsa kuwa awa 4 yake yi a ɗaki, kwana 4 a firiji. Ɗaki mai makulli, da wurin wanke hannu, da firiji: asibitin koyarwa ne zai ce ya rasa waɗannan? Amma banɗaki ake nuna mata.

Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi aƙalla mako 14 na hutun haihuwa, amma ga ma'aikaciya. Ɗaliba tana kwana a asibiti, a takarda kuwa ba ma'aikaciya ba ce, don haka sai dai ta bi shugaban sashe da magiya. In ya ga dama ya yarda.

A rubuta ƙa'idar, kowa ya gani tun ranar shiga makaranta. Mai ciki ta samu damar ɗage zagayen sashen hoton ƙashi. Jadawalin kwanan asibiti kuma ya fito da wuri, domin uba ko uwa su san wa za su bar wa yaro.