Damagaram mararraba ce, a ba ta na'urar da ta dace da mararraba

Tun zamanin ayari Damagaram zango ce tsakanin Kano da Agadas, kuma yau ma zaren gilashin da ke ɗauke da intanet a nan yake rabuwa. Wani ya iso daga Yamai ta Maraɗi, wani ya wuce gabas zuwa Diffa, sannan shirin zaren ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya tallafa ya ƙunshi reshen Magarya zuwa iyakar Najeriya. Ana yawan ƙirga mana kilomitocin da aka binne, amma ba a cika faɗa mana irin na'urar da za ta zauna a mahaɗar ba, alhali ita ce ke yanke yadda saƙo zai juya.

A tsohon tsari, duk hasken da ya iso tasha sai an mayar da shi lantarki, a karanta, sannan a sake mayar da shi haske ya ci gaba. Kamar a ce kowace tirela da ta shigo gari sai an sauke kayanta kakaf an sake lodawa, ko da Diffa ta nufa. Wannan sauke-da-loda yana cin wuta, yana haifar da zafi, kuma duk lokacin da aka ƙara saurin layi sai an canja na'urorin.

Na'urar karkata haske, wadda injiniyoyi ke kira ROADM, ta kauce wa wannan wahala. Zare guda yana iya ɗaukar launukan haske 80 ko fiye, kowane da gigabit 100 ko 400 a daƙiƙa, ita kuwa na'urar sai ta sauke launin da aka aiko wa Damagaram kaɗai, ta bar sauran su wuce a haskensu. Wasu ire-iren suna aiki da ƙananan madubai masu motsi. Kamfanin Google ya bayyana a 2022 cewa tsarin da ya gina da irin waɗannan madubai a cibiyoyinsa ya rage wutar da hanyoyin sadarwar cibiyoyin ke ci da kusan kashi 40 cikin 100. Ga ƙasar da ta ɗanɗana duhu bayan Najeriya ta katse mata lantarki a Agustan 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne juya hanya daga nesa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a kusa da gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a yawancin Afirka ta Yamma. Nijar ba ta da teku, don haka kariyarta ita ce ƙofofi da yawa, da kuma mahaɗar da injiniya zai umarta daga kwamfutarsa ta karkata zirga-zirga zuwa ƙofar da ke buɗe, ba sai an tayar da mota ta yi tafiyar kilomita 900 daga Yamai ba.

Masu cewa abin da tsada suna da gaskiya, kuma na'urar ba ta maye komai ba. Haske ba ya ajiyuwa, saboda haka rarraba saƙonni ɗaya bayan ɗaya har yanzu aikin lantarki ne, kuma na'urorin ƙara ƙarfin haske da ake dasawa kusan kowane kilomita 80 suna buƙatar wuta marar yankewa. Sai dai arha ba ta ado: idan aka sayi tsohon tsari yau, gobe za a sake saye. Ina ganin ya kamata Niger Telecom, kamfanin sadarwa na gwamnati, ta sa na'urar ROADM cikin sharuɗɗan duk kwangilar da ta shafi mahaɗar Damagaram, tare da sharaɗin horar da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram a kanta kafin ƴan kwangila su tattara kayansu.