Bola Ige: ɗan Kaduna da ya rasa adalci a ƙasar da yake ministan shari'a

Duk shekara idan Disamba ta zo ƙarshe, sai in ga mutanen Ibadan da na garinsu Esa-Oke suna tuna Cif Bola Ige, ministan shari'ar da aka kashe a Disambar 2001, mu kuwa a nan Arewa shiru kake ji. Na san dalilin shirun, kuma zan zo kansa. Amma dai ina ganin akwai abin da ya kamata mu faɗa game da wannan mutum, ko da kuwa ba mu ƙaunace shi ba.

An haife shi a 1930, kuma a Kaduna ya yi ƙuruciyarsa kafin a kai shi makarantar sakandare a Ibadan. Hausa a bakinsa ba ta koyo ba ce, ta wasan ƙasa ce, irin wadda yaro ke tsinta a layi tare da sa'o'insa. Da ya tashi rubuta tarihin yarintarsa ma, Kaduna Boy ya sa wa littafin suna. Ya karanci Latin da Girkanci a Jami'ar Ibadan, ya wuce Landan ya yi karatun lauya, aka rantsar da shi a 1961, ya dawo ya buɗe ofishinsa a Ibadan. Daga baya ya kai matsayin SAN, wato babban lauyan Najeriya. Kaifin harshensa ne ya sa aka yi masa laƙabi da Cicero na Esa-Oke, sunan wani tsohon lauyan Rum da ya yi suna wajen iya magana. Ko abokan hamayyarsa ba su musa cewa in ya miƙe yana magana, a kotu ne ko a dandalin kamfe, sai ka saurara ba.

Abin da mutane da yawa a nan ba su sani ba shi ne yadda ya riƙi addininsa. Ɗan cocin Anglika ne, kuma tun yana ɗalibi yake cikin ƙungiyar ɗalibai Kirista. A farkon shekarun 1970, lokacin da soja ke mulki kuma 'yan siyasa da dama suka koma neman kwangila, shi sai ya ba da lokacinsa ga shirin Majalisar Coci-coci ta Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. Wannan shirin ne ya riƙa tallafa wa ƙungiyoyin neman 'yanci na kudancin Afirka, har wasu coci-cocin Turai suka yi ta ƙorafi a kai. Ni Musulmi ne, amma ina ganin girman mutumin da imaninsa ya fitar da shi daga kan bencin coci ya kai shi inda ake zaluntar baƙar fata. Muna da masu ibada birjik a ƙasar nan, a masallaci da coci. Waɗanda ibadar tasu ke sa su tsaya wa wanda ba su haɗa komai da shi ba, su ne 'yan kaɗan.

Siyasarsa kuwa an san ta. Yaron Awolowo ne, ya yi gwamnan tsohuwar jihar Oyo daga 1979 zuwa 1983 a jam'iyyar UPN, ya aiwatar da ilimi kyauta. Gwamnatin Buhari ta soja ta ɗaure shi, ta Babangida ta sake shi. A watan Mayun 1998, bayan tarzomar da aka yi a Ibadan ta ƙin tazarcen Abacha, aka sake kama shi tare da wasu, har gwamnan soja na jihar ya kira su fursunonin yaƙi. Sai da Abdulsalami ya hau sannan ya shaƙi iska. Obasanjo ya ba shi ministan lantarki da ƙarafa a 1999, ya yi alkawarin gyara NEPA cikin ɗan lokaci, NEPA ta nuna masa ita ba a gaban alƙali take ba. A 2000 aka mayar da shi ma'aikatar shari'a, inda ya fi wayo.

To, ga dalilin shirunmu. A shafin da yake rubutawa a jaridar Tribune ya taɓa kwatanta Fulani da 'yan Tutsi na Ruwanda, kuma a lokacin jinin kisan ƙare-dangin da aka yi wa Tutsi a 1994 bai gama bushewa ba. Magana ce mai muni, kuma ta fi muni da ta fito daga bakin wanda ya sha ruwan Kaduna, ya san mu ciki da bai. Ba zan wanke shi a kanta ba. Haka nan a ƙarshen 2001, da kotun shari'ar Musulunci ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jifa, ya fito fili ya ce gwamnatin tarayya ba za ta bari a zartar ba, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai a nan. Sai dai a tuna, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci da ke Sakkwato ce da kanta ta soke hukuncin a watan Maris na 2002, shi kuwa lokacin yana kabari.

Ranar 15 ga Disamba 2001, a harabar fadar Ooni, sarkin Ife, wasu 'yan daba suka yi masa ca, suka cire masa hula. Ministan shari'a na tarayya fa, dattijo mai shekara 71. Ranar 23 ga wata, ana jajibirin shagalin Kirsimeti, 'yan bindiga suka shiga gidansa da ke unguwar Bodija a Ibadan da daddare, suka harbe shi a ɗakin kwanansa. Ina masu gadinsa? Wai sun fita cin abinci. Dukkansu, a lokaci guda, kwana takwas bayan an ci mutuncinsa a bainar jama'a.

An kama mutane, an gurfanar da su a babbar kotun Ibadan. Shaidu suka janye maganarsu, alƙalai suka riƙa tsame hannu daga shari'ar. Matarsa, Mai shari'a Atinuke Ige, alƙaliya ce a kotun ɗaukaka ƙara, ta zauna tana kallon yadda shari'ar kisan mijinta ke wargajewa a gidan da ta yi wa hidima duk rayuwarta. Ta rasu a watan Afrilun 2003. Zuwa ƙarshen 2004 an sallami duk waɗanda ake tuhuma. Kotu ta wanke su, ni kuma ba ni da hurumin ɗora wa wanda aka wanke laifi. Amma wani ne ya ɗana kunamar nan, kuma har yau ba a hukunta ko mutum ɗaya ba.

Na ji masu cewa ai rikicinsu ne na Yarbawa, su ƙarata can. Wannan tunanin ne nake ganin ya cuce mu. Masu kisa sun lura da abin da ya faru, sun ga an kashe babban lauyan gwamnati an kwana lafiya, to wa ya rage da za a ji tsoron taɓawa? A watan Maris na 2003 aka kashe ɗan siyasa Marshal Harry a Abuja. A 2004 aka kashe wani ɗan siyasar, Aminasoari Dikibo, a kan hanya. A Janairun 2006 aka kashe Hajiya Sa'adatu Rimi a gidanta a Kano, a Yulin shekarar aka kashe ɗan siyasa Funsho Williams a Legas. Ranar 13 ga Afrilu 2007 aka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar Asuba a masallacin Ɗorayi, Allah ya jiƙansa da rahama. Ranar nan babu wanda ya ce rikicin wasu ne. Mun yi kuka, mun nemi a binciko, aka ba mu irin amsar da aka ba iyalan Ige.

Ga masu shirin zagina a ƙasan wannan rubutu, ban ce ku so shi ba, ban kuma ce ku manta da abin da ya rubuta a kanmu ba. Cewa na yi fayil ɗin kisansa da na Malam Ja'afar a hannun hukuma ɗaya suke, kuma shugabanni sun zo sun wuce, na Kudu da na Arewa, Musulmi da Kirista, babu wanda ya kai ɗaya daga cikinsu ƙarshe.