Mai kansar jini ba ta ɓoye wa likita ciki

A nan Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, mace ba ta faɗin ciki tun yana ƙarami. Kunya da tsoron bakin mutane sukan sa ta yi shiru har sai zane ya fara matse ta. Ba ni da ja a kan ɓoye wa maƙwabta, amma macen da ke ɗauke da kansar jini mai daɗewa tana kuma shan magani, wajibi ne likitanta ya san zancen haihuwa tun kafin cikin ya shiga.

Cutar a ɓargo take. Tun 1960 masu bincike a birnin Filadelfiya na Amurka suka gano alamarta a ƙwayoyin gado, daga baya aka fahimci cewa kuromozom (zaruruwan da ke ɗauke da gado a jikin mutum) na 9 da na 22 ne ke musayar yanki, su haifar da abin da ake kira BCR-ABL, wanda ke sa ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyin jini ba tsayawa har saifa ta kumbura. Daga 2001 da aka amince da maganin imatinib, wato Glivec, masu cutar da yawa suka koma harkokinsu, suka yi aure, suna kuma son 'ya'ya kamar kowa, kuma haƙƙinsu ne.

Sai dai wannan maganin da ya riƙe ran uwa yana iya jawo wa ɗan tayi naƙasa ko ya sa ɓari, kuma haɗarin ya fi tsanani a watanni uku na farko, lokacin da zuciya da ƙashi da sauran gaɓoɓi ke haɗuwa. Su ne kuma watannin da muka saba yin shiru a cikinsu. Dasatinib kuwa, wani maganin wannan cutar, ba a yarda da shi ba daga farkon ciki har ƙarshensa. Ita kuma wadda ta ji tsoro ta ajiye magani da kanta ba ta tsira ba, domin cutar tana iya tasowa ba tare da ta ji ko ciwon kai ba. Likita ne zai faɗi ranar dakatarwa, shi zai duba ko a koma allurar intaferon wadda ake amfani da ita ga masu juna biyu. Likitoci sun fi son mace ta yi shekara biyu ko fiye cutar tana kwance sosai kafin ta ɗauki ciki.

Da zarar an dakatar da magani, takardun gwaji ne kaɗai idon da ya rage. Awon jini na NFS, wanda ake yi a ɗakunan gwajinmu, yana nuna fararen ƙwayoyi, da yawan jini, da ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Fararen ƙwayoyi a mai lafiya sukan kasance tsakanin 4,000 da 11,000, amma ciki da kansa yakan ɗaga su, yakan kuma tsinka jini, saboda haka lamba ɗaya da aka kewaye da jan biro ba dalilin kwana ana kuka ba ce. Gwajin PCR shi ke auna BCR-ABL kai tsaye, ana kuma son ya tsaya a kashi 0.1 cikin ɗari ko ƙasa. Mai shan magani takan yi shi duk wata uku, mai cikin da ta dakatar kuwa kusan duk wata. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, kuma tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, don haka kuɗinsa da hanyar aika jini abin tsarawa ne tun da wuri.

Na sha ganin mace ta zo awon ciki da takardunta a dunƙule cikin leda, wata ta jiƙe da mai, wata tawadarta ta koɗe, ta watan jiya kuma an bar ta a ƙauye. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin likita jerin sakamakon yake karantawa ya ga ko lambar hawa take ko sauka. 'Yan uwana mata, ku jera su bisa kwanan wata, ku ɗauki hotonsu a waya, kuma ungozoma da likitan jini kowa ya ga abin da ɗayan ya rubuta.

Magidanta da iyayenmu surukai, nauyi mafi girma yana wuyanku. Idan ana yi wa mace gorin haihuwa ko barazanar kishiya, za ta ɗauki ciki a ɓoye, ko ta daina magani a ɓoye. Idan likita ya ce a yi tazara, ku mara mata baya. Namiji mai shan imatinib ba a buƙatar ya dakatar don matarsa ta samu ciki, amma shi ma ya sanar da likitansa. Ku kuma sani cewa bayan haihuwa yawanci za a mayar da ita kan magani ba da jimawa ba, kuma ba a ba jariri nono ana shan sa, saboda haka madarar jariri da tsabtataccen ruwa su shiga lissafin gida tun kafin a fara zancen ragon suna.