Shagunan masallaci a Legas ba su cikin rangwamen haraji

A Kano ko Sakkwato, idan attajiri ya gina masallaci ya jera shaguna a jikin katanga don kuɗin haya ya riƙa biyan wuta da alawus ɗin liman, galibi magana ta ƙare. Dattawan unguwa ne shaidu, in rigima ta taso a kan waƙafin akwai kotun shari'ar Musulunci, akwai kuma hukumar zakka da hubusi ta gwamnati. Legas ba ta da waɗannan a tsarin gwamnatinta, takarda kawai ake dubawa. Amma kwamitocin masallatanmu da yawa a Agege, Mile 12 da Idi-Araba har yanzu da lissafin gida suke tafiya, suna cewa ai ɗakin Allah ba ya biyan haraji.

Abin da doka ta yafe shi ne kuɗin da ya shigo ta hanyar ibada da taimako: sadakar Juma'a, gudummawar gini, zakkar da aka damƙa wa kwamiti ya raba. Ribar kasuwanci ba ta ciki, ko da duk a kan masallacin aka kashe ta. Haka dokar harajin filaye da gine-gine ta jihar Legas ta 2020 ta yafe wa ginin da ƙungiyar addini ta mallaka, take kuma amfani da shi don ibada ko karatun addini kaɗai. Da zarar an ba mai chemis da mai POS haya a ƙasan bene, sharaɗin ya karye, takardar biya za ta iya zuwa.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne asusu. Kuɗin haya da na sadaka suna shiga wuri ɗaya, sau da yawa ma asusun ma'aji ne na kansa. Ranar da jami'in haraji ya nemi bayani, babu yadda za a rarrabe wannan da wancan, sai ya ƙiyasta abin da ya ga dama. Daga ranar da takardar ƙiyasi ta iso, kwana 30 ake da su a rubuta ƙin amincewa tare da hujja. In aka ajiye ta a aljihun babbar riga har wa'adin ya wuce, ƙiyasin ya zauna daram, zuwa kotun ɗaukaka ƙarar haraji ma ya yi wuya.

Gyaran ba shi da tsada. A yi wa amintattun masallaci, wato waɗanda za su riƙe dukiyarsa a hukumance, rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa (CAC), wanda ya haɗa da sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, a karɓi lambar haraji, a buɗe asusu biyu da sunan masallacin. Albashin liman, ladan da malaman Islamiyya kuwa albashi ne kamar na kowa, hukumar tara haraji ta jihar Legas (LIRS) ke da hurumi a kansa. Daga Janairun 2026 naira 800,000 ta farko a shekara ba a cire mata komai, don haka yawancinsu ba za su biya ko sisi ba, amma sai da rubutaccen lissafi za a tabbatar da hakan.

Na fahimci masu tsoron rajista. Sashe na 839 na dokar kamfanoni ta 2020 ya ba CAC ikon dakatar da amintattu, ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya (CAN) ta yi ta adawa da shi, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke shi. Duk da haka masallaci marar rajista ya fi zama cikin haɗari, domin filinsa yana nan da sunan mutum ɗaya, magadansa kuma za su iya sayarwa bayan rasuwarsa.

Inda nake ganin dokar ta gaza shi ne zakka. A Malesiya ana rage wa mutum abin da ya bayar na zakka daga harajinsa. Ɗan kasuwar Alaba Rago a Legas kuwa zai fitar da kashi 2.5 cikin ɗari na dukiyarsa, sannan ya biya harajinsa cif, kuma ɗan'uwansa da ke Kano, inda gwamnati da kanta ke karɓar zakka, shi ma haka yake biya.