Wandon da Ya Hana Ni Zuwa Japan

Ɗan ƙanwata ne ya jawo mini, yaron da ko a ƙwallon ƙafa ba a ɗaukarsa sai an rasa mai tsaron gida. Wani matashi da ya yi bautar ƙasa a Ilorin ya koyo wasan besbol a can, ya dawo Bauchi ya tara yara a filin da ke bayan shagona, nan wajen Wunti, yana koya musu dukan ƙwallo da sanda, har da shi ɗan ƙanwar tawa. Mu 'yan zaman rumfa mun yanke hukuncin rashin aiki ne ya fara taɓa shi. Kwatsam sai labari ya cika unguwa: an gayyaci yaran zuwa Japan, su buga wasannin sada zumunci, su nuna al'adunmu, su ga na can.

Kafin la'asar kowa a layinmu ya zama masanin besbol. Mai wankin hula, wanda ya taɓa bin yaran da bulala don ƙwallonsu ta faɗa masa a baho, ya rantse shi tun farko ya ga alamar arziki a goshinsu. Ni ban tsaya surutu ba, lissafi na yi. Yara ba sa tafiya sai da manya 'yan rakiya, tawaga kuma ba ta tafiya tsirara, ni kuwa tela ne.

Na tari kocin a bakin fili. "Koci, kayan wasan yaran nan ka bar mini. Ko sisi ba zan karɓa ba."

"Allah Ya saka da alheri, Baba. Sai dai maganar yadin..."

"Ni za ka koya wa yadi? Tun kana tsumman goyo nake taka keke."

Ya yi shiru, yaro mai tarbiyya.

Daga nan na duƙufa neman ilimi a waya, har uwargida ta fara zargin wata nake nema. Na gano mutum 9 ne kowane ɓangare. Ɗaya ya jefo, ɗaya ya maka da sanda ya ruga, ya zaga zango 3 ya dawo gida kafin a ci maki. Ka kuskure duka sau 3 ka fita, in aka fitar da mutum 3 sai a yi musanye. Na kuma ci karo da wani ɗan Japan, Shohei Ohtani, da ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700 na shekara 10 da ƙungiyar Dodgers a 2023. Na fara juya kuɗin zuwa naira, sifili ya cika fuskar wayar, na ajiye na sha ruwa. Washegari da ɗan ƙanwata ya gaishe ni, har kujera na jawo masa.

Abin da ya fi kama zuciyata ita ce ƙwallon kanta. Na karɓi ɗaya na juya ta a hannu: fata biyu aka haɗa da jan zare, ɗinki 108, kuma da hannu ake yinsa, kowane ɗinki ya kwanta a gefen ɗan'uwansa ba wanda ya yi wa wani tsere. Nan na tabbatar wasan nan akwai hannun teloli a cikinsa, kuma tawagar da ta je Japan ba tela ta je da giɓi.

Shi Koci a lokacin takardu ne suka hana shi barci. Kullum sai ya ba iyaye labarin yaran Yuganda da suka ci tikitin babbar gasar yara ta Williamsport a Amurka a 2011, aka hana su biza saboda takardun shekarunsu sun saɓa wa juna, sai a 2012 wata ƙungiyar daga garin Lugazi ta samu zuwa. Ya ce shi ba zai yi wannan kukan ba. Ƙanwata ta ce ai ba matsala, an haifi nata ne daminar da katangar maƙwabta ta faɗi. Sai da aka kwance akwatin lefenta kafin takardar asibiti ta fito. Ni ma na je aka ɗauke ni hoton fasfo, da sabuwar zanna bukar, don kada a zo nemana ban shirya ba.

Sai ɗinki. A bidiyo na ga farare suke sawa, wando a matse. Na ce yaran da za su wakilci garin Yakubun Bauchi ba za su sa roba irin ta 'yan gwanjo ba. Farar shadda na yanko a kasuwa, mai maiƙo, na fitar da riguna da ɗan aiki kore a wuya, wanduna kuma na tsuke su daidai cinya, na sa tazuge. Aka sa sitaci, aka kai wa masu bugu suka buge su har suna ɗaukar ido. Da aka jera su a shago, masu wucewa tsayawa suke su tambayi auren wa za a yi.

Tsaraba ma ban manta ba. Na karɓo kilishi cike da kwali a hannun mutumina, bashi, a kan zan biya in na dawo. Koci ya gani ya dafe kai. Ashe Japan ba a shiga mata da nama ko ɗan yanki, tarar tana iya kai wa yen miliyan 3, ko ɗauri. Na ce to a bar shi a shago tukuna. Yaran suka taya ni ajiyarsa, kullum bayan atisaye, har kwalin ya koma mazubin ƙyallaye.

Ranar wasan bankwana fili ya cika. Mai unguwa a kujerar gaba, iyaye mata a gefe da mayafai, masu sayar da masa sun kafa tanda. Yaran suka fito cikin shaddata, aka ɗauki tafi da guɗa. Na miƙe na ɗaga hannu don jama'a su san inda za su kai godiya.

Akwai wani yaro da aikinsa shi ne ya tsuguna bayan mai sanda ya cafke ƙwallo. Ya gyara hular kwano, ya ja safar fata, ya tsuguna. Ƙyaaat! Har mai unguwa sai da ya waiga. Yaron ya kasa tashi, ya kasa zama, ya tsaya a haka yana kallon Koci da idon neman ceto.

Aka ɗaura masa ɗankwalin uwarsa aka ci gaba. Ɗan ƙanwata ya shigo, ya maka wa ƙwallo sanda da kyau, ya kwasa da gudu, ƙanwata tana ihu tana "Yaya, ka gan shi!" Na gan shi kuwa. Yana isa zango na biyu sai ya zube da gangan ya sulala a ƙasa, ƙafa a gaba. Wai haka ake yi don kada a taɓa ka da ƙwallo. Wandon ya rabu tun daga tazuge har gwiwa. Ni dai har gobe ina nan a kan bakana: shaddar ba ta da laifi. Ba a taɓa saƙa yadin kirki don mutum ya ja gindi da shi a kan tsakuwa ba.

Kafin a yi nisa rabin tawaga na gudu da hannu ɗaya a baya. Na aika aka ɗauko mini allura da zare, na kafa benci kusa da zango na uku ina faci, yara na layi a bayan katanga suna miƙo wanduna. Ina cikin zura zare wata ƙwallo ta kauce hanya ta same ni a kafaɗa. Ɗinki 108 ɗin nan sai da na ji kowanne. Duk da haka na daure na ce wa Koci, "Ka gani da idonka. Wannan tawaga za ta iya kwana ɗaya a ƙasar mutane ba tela?"

"Gaskiya ne, Baba," in ji shi. A daren ya yi odar wanduna masu talewa daga Legas. Kujerun rakiya kuma aka ba wata malamar makaranta da wani ma'aikacin jinya.

Japan ta riga mu da awa 8, don haka ƙarfe huɗun asuba waya ta tashe ni. Yaron ne, baki har kunne. Wai an lallasa su a wasan farko, amma yaran can sun rusuna musu, sun rusuna wa filin ma, sannan suka ɗauki manjagara suka gyara shi da kansu. Wai sun koya musu langa, har wani malaminsu mai furfura ya kama ƙafa ya shiga, ya faɗi. Da daren al'adu kuma rigunan shaddar suka saka, masu masaukinsu suka yi ta shafa aikin wuyan suna ɗaukar hoto.

"Kawu, har tambaya suka yi wa ya ɗinka."

Na tashi zaune, kafaɗar ma ta daina ciwo. "Madalla! Ka ba su lambata?"

"A'a. Koci ya ce kada mu faɗa, wai kar su ce a ɗinko musu da wando."